Katangar da Na Rufe da Siminti

Jiya na ji ɗaya daga cikinku, ku matasan magina, yana cewa yaɓe ba sana'a ba ce, wai ka ɗebo da cokali ne ka mara a bango, ka goge, a sallame ka. Ban tanka masa ba, don bakina cike yake da goro, kuma na san halina, in na fara ba na tsayawa da wuri. Yau dai zan faɗa. Ni ne Tanimu, mutumin Gubuchi. Shekara arba'in da 'yan kai na yi ina yi wa gidajen mutane fuska, daga Makarfi zuwa Kudan har Ikara, kuma a cikinsu duka wanda ya fi tsaya mini a rai gida ɗaya ne da na kashe da hannuna.

Aikin farko da Kawu Barau ya ba ni, ƙanin mahaifiyata wanda ya koya mini gini, shi ne taka ƙasa. Rani uku ban taɓa bango ba. Za a tara jar ƙasa, a zuba ruwa, a watsa busasshiyar ciyawa yankakkiya, in shiga da ƙafa ina takawa tun hantsi har azahar, sannan a bar ta ta kwana uku ko huɗu ta ruɓe, a sake takawa. A gefe kuma ga tsofaffin randuna da muke jiƙa makuba, wato ɓawon ɗorawa, har ruwan ya yi baƙi ya fara wani wari da ke bin mutum har gida. Da wannan ruwa ake kwaɓa yaɓen waje, shi ke sa ruwan sama ya zame bai ci bango ba. Kawu ba ya faɗa, kuma ba ya yabo. Sai ya ɗebi curi ɗaya daga abin da na taka ya jefa a bango. In ya manne, ya wuce. In ya sulale, shi ma ya wuce, ni na san ma'anarsa, in koma cikin taɓo. Kayan aikinmu a lokacin ba su wuce fartanya da kwando da tsani ba, sai tafin hannu, wanda shi ne babba. Har yau in na shafa fuskar jikana sai ya ce na karce shi.

Gidan wani malami a Kudan ne inda na fara gane abin da ake nufi da duba gini. An kira mu yaɓe kafin damina. Na sauke kwando zan fara, Kawu ya ce in zagaye gidan sau uku tukuna, in dawo in gaya masa abin da na gani. Na dawo na ce na ga bango. Ya kama kunnena, ga ni da gemu ya fara fitowa, ya ja ni har ƙarƙashin indararo, ya nuna mini inda ruwa ya yi hanya a jikin bango saboda bakin indararon ya gutsure. Ya nuna mini gindin katanga inda tsallen ruwa ya cinye ƙasa har hannu yana shiga. Ya nuna mini wata 'yar tsaga a can sama, wadda ba ta kai kaurin tsinke ba, ya ce a nan damina za ta shiga. Daga nan ya dunƙule hannu ya ƙwanƙwasa bangon wuri-wuri, ya ce in kasa kunne. Inda yake da lafiya amon a dunƙule yake, ba ya tafiya ko'ina. Inda gara ta ci ko yaɓe ya saki, sai ka ji kamar ka bugi gorar da ba ruwa.

Wannan ƙwanƙwasa ita ce darajarmu. A ƙasarmu a wancan lokaci ba wanda zai sayi gida sai ya zo da magini ya buga masa bango. Dillali zai yi ta zuba, ya ce gidan nan ko giwa ta jingina ba zai motsa ba, amma da magini ya ɗaga hannu sai kowa ya yi shiru. Abin da ya faɗa shi ke nan, kamar shaida a gaban alƙali. Ba a rubutawa, ba a rantsuwa. Kawu ya sha ɓata ciniki da kalma ɗaya, kuma masu gidan da ya ɓata wa su ne ke kiransa yaɓe a ranin da ya biyo.

To, sai ga 'yancin kai, sai ga ma'aikata. Malaman makaranta, malaman gona, akawuna, masu awon gyaɗa da auduga, duk suka fara sauka a Makarfi, kowa da farin kaya da keke. Da can baƙo a gidan mutum yake sauka, a ba shi ɗaki da tuwo, ba a san wani abu wai haya ba. Waɗannan kuwa haya suke so, kuma ba sa son bangon da zai shafa musu ja a riga. Wanda ya fara gane haka shi ne Alhaji Sale mai mazarƙwaila. Mutum ne mai lissafi, ba ya ɗaga murya, kullum da carbi. Sai ya riƙa sayen tsofaffin gidaje waɗanda magada suka watse suka bari, ya sa a shafe gaban da siminti, a bi da farar ƙasa, a yi wa ƙofa koren fenti. Cikin gidan yana nan yadda yake, amma kuɗinsa sai ya ninka, wani lokaci ya wuce haka. Simintin ta jirgin ƙasa yake zuwa tashar Gimi, jakuna su ƙaraso da shi.

Kawu aka fara nema da aikin. Ya sa hannu a buhun, ya murza, ya shinshina, ya ce ba zai yi ba. Da muka kama hanya na ce masa, "Kawu, abin nan fa shi ne zamani. In ba mu yi ba, za a ɗauko wasu daga Zariya."

Ya ce, "A ɗauko su. Ƙasa tana kumbura da damina, tana motsewa da rani. Wannan abu ba ya kumbura, ba ya motsewa. Yaya za su zauna tare? Kuma in ruwa ya shiga bayansa, ta ina zai fita?"

Na ce, "Ai ba zai shiga ba."

Ya dube ni, ya ce, "Kai kake iko da ruwan sama?"

Ban saurare shi ba. Ina da mata da 'ya'ya biyu, kuma na gaji da zama a inuwar wani. Na sayi cokalin gini, na koyi kwaɓi a wurin wani lebura da ya yi aikin gwamnati, na koma yaron Alhaji Sale. Kawu bai sake yi mini maganar ba har ya rasu bayan damina biyu.

Gidan bakin kasuwa shi ne na biyar da na yi wa Alhaji. Babban zaure ne na soro da ɗakuna biyu a jikinsa, yana kallon gabas, wato inda hadari ke fitowa. Na zagaye shi sau uku kamar yadda aka koya mini, abin da na gani bai yi mini daɗi ba. Akwai tsaga daga sama har kusan rabin bangon gaba, gindin ya zaizaye, kuma kan azara biyu ya ruɓe a inda suka shiga katanga. Na ce wa Alhaji, "Ranka ya daɗe, wannan bango sai an sauke shi an sake ɗorawa. Rani ɗaya zai ci."

Ya ja carbi, ya ce, "Tanimu, ni ba zama zan yi a ciki ba. Cusa ƙasa a tsagar ka rufe. Sannan indararon nan biyu na gaba, cire su. Suna zubo ja a kan fari, mai saye ya gani ya rage kuɗi."

Na ce, "To ruwan soron fa?"

Ya ce, "Ba akwai ɗaya a baya ba? Ya bi ta can."

Na san indararo ɗaya ba zai kwashe ruwan soro uku ba. Na sani sarai. Amma na toshe na gaban, na kafa ƙusoshi a bangon don siminti ya sami abin kamawa, na yi shafi biyu, na goge har yana ƙyalli. A saman ƙofa na fitar da hoton keke da agogo, don su ake yayi. Gaskiya gidan ya yi kyau, ba zan ɓoye muku ba. Ranar kasuwa mutanen ƙauye sukan tsaya da kayansu a ka suna kallo, ni kuma in raɓe a gefe ina jin ana tambayar wa ya yi, kaina yana girma.

Bayan damina ɗaya mai saye ya zo. Malam Habu sunansa, dattijo ne daga Saulawa, manomin rake. Yana da fadama ɗaya da ya gada, ita ce duk abin da ya mallaka, amma bayansa ya fara ciwo, 'ya'yansa kuma duk mata ne, sun yi aure. Ya ga yadda haya ke tafiya a Makarfi, sai ya yanke shawarar ya sayar da fadamar ya sayi gida, ya zuba 'yan haya a gaba, shi da tsohuwarsa su zauna a ciki su ci daga nan har Allah ya yi ikonsa. Da aka zo maganar wanda zai buga bango, sai ya ce a kira masa ɗan 'yar'uwar Barau.

Na zo na durƙusa na gaishe shi. Ya tambayi gida, ya tambayi iyali, ya yi mini ta'aziyyar Kawu ya daɗe yana yi masa addu'a. Sannan ya ce, "Tanimu, an ce kai ka yi aikin nan. To ai an huta, wanda ya yi abu shi ya san cikinsa. Kawunka ya taɓa hana ni sayen wani rumbu, ban manta ba. Buga mini."

Alhaji yana tsaye a inuwa. Kwana biyu kafin nan ya gaya mini ya sayi gidaje uku a Ikara, kuma ni zan yi su. Bai ce mini komai game da wannan ciniki ba, ba ya bukata. Na dunƙule hannu na buga kusa da ƙofa, amon ya fito a dunƙule. Na matsa hagu, inda tsagar take, na buga. Ya amsa mini kamar gora. Na ƙara matsawa na buga, haka. Simintin ya riga ya saki bangon, akwai fili a tsakaninsu. Malam Habu ba bangon yake saurare ba, fuskata yake kallo.

Na ce, "Lafiya lau yake, Baba."

Ya yi murmushi, ya ce, "Alhamdu lillahi. Madalla da kai." Aka shafa fatiha.

Ya sami 'yan haya nan da nan. Wani tela mai suna Garba ya kama zauren ya kafa kekensa, wani akawu ya kama ɗakunan biyu. Ni kuma na tafi Ikara na yi gidajen Alhaji, amma hankalina bai kwanta ba. Da bazara ta gabato na je na sami Malam Habu yana zaune a ƙofar gida a kan buzu. Na ce, "Baba, da za ku bari in buɗe indararon gaba, in hau sama in duba soron kafin ruwa."

Akawun ya leƙo ta taga ya ce in aka ɓata farin nan da jan ruwa shi tashi zai yi, don farin ya kama ɗakin. Malam Habu ya yi dariya ya ce, "Ka ji. Kuma ai daɗin siminti ke nan, an huta da yaɓen shekara-shekara. Ko akwai abin da ka gani ne? Kai da bakinka ka ce lafiya lau."

A nan ne ya kamata in faɗa. Da na faɗa, da an sauke bangon a ranin nan, da ya yi asarar hayar wata uku ya tsira da gidansa. Amma faɗar tana nufin in ce na yi masa ƙarya a gaban mutane, ranar da ya miƙa fadamarsa. Na ji tsoron kunya, abin da ya hana ni ke nan, ba wani abu ba. Na ce, "A'a, Baba, dubawa ce kawai irin tamu." Na yi sallama na tafi.

Daminar shekara ta uku da yin aikin ita ce mummunar. Da marka ta kama, sai da aka yi kwana bakwai ba a ga rana ba, ruwa ba mai ƙarfi ba, amma ba ya ɗaukewa. Gidaje sun zube da yawa daga Kudan har Gubuchi. Sai dai bangon ƙasa ba ya faɗuwa bai nuna ba. Zai yi duhu, ya yi ciki, ya fara zubar da ɓarɓashi, mai gida ya gani ya tokare da itace ko ya kwashe iyalinsa. Gidan bakin kasuwa kuwa fari tas yake har ranar ta bakwai, ba tabo ko ɗaya, alhali ruwan da ya taru a soro yana bin tsohuwar tsagar yana sauka a bayan simintin, ba inda zai fita. Da hantsi, akawun ya tafi ofis, Garba yana kan keke, sai ƙasar bangon ta sulale ciki gaba ɗaya, soron ya biyo ta.

Ina gida aka zo aka gaya mini, na taho da gudu cikin ruwa. An riga an tono Garba, da ransa, amma ƙafarsa ta dama ta karye wuri biyu, ita ce ƙafar da yake taka keke da ita, keken kuma ya lanƙwashe. Ɗakunan akawun sun zama tudun taɓo. Abin da ba zan manta ba shi ne simintin. Yana nan a tsaye shi kaɗai, bai fi kaurin faifai ba, da hoton keken nan da agogon a saman ƙofa, ƙusoshina suna leƙowa ta baya ba abin da suke riƙe da shi. In ka tsaya a kasuwa ka duba sai ka ce gida ne, sai ka lura ana hango sama ta taga. Malam Habu yana tsaye a tsakar gida da tsohuwarsa, ruwa yana dukansu. Ya gan ni, ni kuwa ban iya matsawa kusa ba.

Ranin da ya biyo, ba a taɓa samun aikin gini kamar sa ba a ƙasar nan, don kowa yana tayar da abin da ya faɗi. Magina har ƙin aiki suke yi. Ni kuwa ba wanda ya kira ni, ko don gyaran akurki. Ba a zage ni ba, ba a kai ni gaban alƙali ba, in na yi gaisuwa ana amsawa. Kawai in ana cinikin gida na doso, sai a sauya magana. Na koma Ikara ina taka wa wasu ƙasa kamar ranar da na fara, ina ɗaukar umarni daga yaran da na girme su. Alhaji Sale ko kwabo bai yi asara ba. Malam Habu ba shi da abin sake gini, akawu ya tashi, sai Alhajin ya saye kangon a kuɗin fili, ya ɗauko magina daga Zariya. Da na gamu da shi a masallacin Juma'a ya ce mini, "Ƙaddara ce, Tanimu, ruwan bana ya yi yawa." Ni dai na san ba ruwan ba ne.

Abin da nake so ku riƙe ke nan, ku masu cewa shafa ce kawai. Gaskiya ne fuska ita ke sayar da gida, ita ke kawo ɗan haya, ita ke ɗaga kuɗi. Amma kafin ku shafa, ku bi hanyar ruwa tun daga soro har ƙasa, ku gyara gindi, ku sauke abin da ya kamata a sauke. In mai gida ya ƙi, ku ɗauki cokalinku ku tafi. Na yi shekara ashirin bayan haka ina aiki, sunana ya ɗan dawo, amma ban sake buga wa kowa bango ba, kuma ba a sake nema ba.

Bayan faɗuwar gidan, sai da aka fara saran rake na sami ƙarfin zuciyar zuwa Saulawa. Na tafi da niyyar in ce masa duk inda ya sami fili zan tayar masa da ɗaki biyu da hannuna, ba ko sisi. Aka ce mini yana fadama. Na same shi a tsohuwar fadamarsa, cikin 'yan ƙwadago, yana sara wa wanda ya saya. Bayansa ya ƙara ranƙwafawa, sai ya dafa gwiwa yake miƙewa. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa duka, har ya tambayi yarana. Na faɗi abin da ya kawo ni. Ya ce ɗakin da surukinsa ya ba su ya ishe su, Allah ya saka.

Sannan ya ce, "Tambaya ɗaya nake da ita, ta daɗe tana cina. Ranar nan da ka buga, ka ji, ko ba ka ji ba?"

Na ce, "Na ji, Baba."

Ya gyaɗa kai. Ya ce, "To. Dama na ce Barau ba zai yi koyarwar banza ba."

Na tashi zan tafi. A wurin manoman rake ba a barin baƙo ya bar fadama hannu sake, ko wane ne shi, sai an sare masa kara. Malam Habu ya juya, ya zaɓi wani mai kauri, ya kama shi da hagu, ya ɗaga adda. Sai na ga hannun ya tsaya a sama. Ya waiwaya ya dubi can bakin fadama inda mai gonar yake zaune, ya sauke addar a hankali, ya saki karan.

Ya ce, "Ka yi haƙuri, Tanimu. Na manta ba nawa ba ne. Ka gaida gida."